Kunun da Na Dama wa Baba Aldo

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan labari. Tun bara ƙannena 'yan agaji na nan yankinmu suke cewa in ba su wani abu a rubuce kan aikin motar asibiti da na yi a Italiya, ni kuwa ina ta kawo uzuri. Karatuna dai a firamare ya tsaya. Ban da haka, a wurin aikin an hore mu cewa abin da ka gani a gidan mara lafiya ba na bakinka ba ne, sai na yi ta tunanin ko rubutawar cin amana ce. Na yi ta tambayar yayana Malam Sani har ya gaji, ya ce in canja sunayen mutanen, in ɓoye sunan garin, in kuma ƙyale shi ya sarara. To, na canja. Har sunan karen na canja, don ban sani ba ko shi ma yana da haƙƙi.

Sunana Isiyaku. Ƙauyenmu yana tsakanin Ɗambatta da Kunci, inda gona take manne da gona, in ka yi atishawa a gidanku maƙwabci ya yi maka addu'a daga nasa. A Italiya aikin shanu na yi a wata gona, tatsar madara da inji da kwashe kashi. A shekarata ta uku inji ya yanki wani abokin aikina a hannu, motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Bayan 'yan kwanaki na je sayen burodi, sai ga direban motar nan a bayan kanta, fulawa har gira. Na tambaye shi ko korarsa aka yi. Ya yi dariya ya ce a'a, burodi ne sana'arsa, motar kuwa aikin sa kai ne. A garin akwai ƙungiya, mutane suna ba da lokacinsu kyauta, kowa da ranarsa. Sunansa Luka. Shi ya kai ni.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, bari in bayyana. Sai ka yi watanni kana zuwa darasi da yamma, a koya maka danna ƙirji, da tsayar da jini, da yadda ake ɗaga wanda ya karye ba tare da an ƙara masa ba, sannan a yi maka jarrabawa. A motarmu mutum uku ne. Akwai direba, wato Luka, akwai shugaban tawaga wanda yake magana da mara lafiya da kuma cibiyar da take turo mu, sai na uku, mai ɗaukar jaka da riƙe wajen ƙafa idan za a ɗaga gado. Ni ne na uku. Shugabarmu wata mata ce, Marta, malamar makaranta da ta yi ritaya, gajeriya, mai murya kamar ta mai kiran yara daga rafi. Ba ta iya faɗin Isiyaku ba, Izakko take ce mini. Kira yana zuwa da launi: ja ga wanda ransa yake kan siraɗi, ɗorawa ga mai tsanani, kore ga mai sauƙi. Muna kai mutum asibiti, mu miƙa shi ga nas, mu goge gado, mu koma. Aikinmu ya ƙare a ƙofa, ba a bin mara lafiya ciki. Kakin aikin kuma, riga da wando ruwan lemo masu ƙyalli, ba a sa shi sai ranar aiki.

Na sha faɗa kafin in saba. Gidan farko da muka shiga na tsaya a bakin ƙofa ina kwance igiyar takalmi, don ban ga yadda zan taka wa mutane ɗaki da shi ba. Marta ta ce in na sake cire takalmin aiki, ita za ta cire mini kunne. Amma abin da ban taɓa mantawa da shi ba shi ne wata Asabar a lokacin da ɓaure yake nuna, da Lahadin da ta biyo ta.

Da hantsi kira ya zo, ɗorawa: tsoho ya faɗo daga tsani a wani gida da ke bayan gari. Matar da take raba wasiƙu ce ta ji nishinsa ta kira. Muka tarar da shi kwance a gindin ɓaure, ƙafa ɗaya ta juya waje ta gajarce. Marta na gani ta ce ƙugu ne. A kansa kuwa wani baƙin kare ne tsaye, girmansa ya kai ɗan maraƙi, yana haushi. Ni tun ina yaro wani kare ya yage mini wando a hanyar gona, ban ƙara yarda da jinsinsu ba. Na tsaya bayan Luka da jakata har sai da tsohon ya ce, "Buruno, kwanta," karen ya kwanta.

Sunan tsohon Aldo, ni kuwa Baba nake ce masa don bakina ba zai iya kiran sunan sa'an kakana gatsal ba. Muka ɗaure shi, muka ɗaga. Duk hanya bai yi kukan ƙugunsa ba, maganar karen kawai yake yi. Marta ta tambaye shi wa za a kira masa. Ya ce matarsa ta rasu, ba su haihu ba, akwai 'yar ƙanwarsa a can wata ƙasa amma kada a tayar mata da hankali. A asibiti muka miƙa shi, aka tura gadon, ƙofa ta rufe.

Ina goge gado na tambayi Luka wa zai zauna da shi. Ya ce nas-nas. Na ce ba su nake nufi ba, mai jinya nake nufi, wanda zai kwana a gefensa, ya ba shi ruwa, ya juya shi, ya kore masa kewa. Luka ya dube ni ya ce, "Izakko, asibiti ne fa, ba gidan biki ba."

Ku da kuke nan kun san yadda muke. Lokacin da aka kwantar da Inna, rabin gidanmu a gindin bishiyar asibiti suka tare. Yayyena mata suna karɓa-karɓa a gefen gado, kwanukan abinci suna zuwa daga gidajen da ma ba ma shiri da su, 'yan dubiya kuwa sai da aka riƙa korarsu. A wurinmu a ce ga mara lafiya ba mai jinya, ba shi kaɗai abin ya shafa ba, duk garin ne ya ji kunya. Na koma gona na yi tatsar yamma, amma hankalina yana wurin tsohon nan. Ina ta ƙissima shi yana jin ƙishi, kofi yana nesa da hannunsa.

Na kira Malam Sani. Yana zaune a zaure, ina jin muryar masu karatu. Da na gama bayani ya ce, "Isiya, kai ko a Aljanna aka sa ka sai ka tambayi wa zai rufe ƙofa." Na ce ya bar wasa, ni na riƙe ƙafar mutumin nan. Ya ce to ai dubiya ba ta da ƙabila, in ina da hali in je.

Ranar Lahadi ba ni da aiki. Da safe na dama kunun gyada. Can ba a samun tsamiya, da lemon tsami na yi, gyadar kuma niƙaƙƙiya ce ta kwalba, amma ya yi kauri ya yi daɗi. Na cika filas. Na naɗe tabarmata da bargo, na ɗauki buta da lemo da ayaba. Sai maganar tufa. Na sa kaftani na cire, na ce tsohon ba zai gane ni ba, jiya a kaki ya gan ni, kada in tsoratar da mai karaya. Na tuna doka. Na ce ai dokar don masu yawon banza da kaki aka yi ta, ni kuwa asibiti za ni. Na sa, na cire, na sake sawa. A ƙarshe na ɗaure kayana a bayan keke na tafi ina ƙyalli kamar mai gyaran titi.

Kakin ya buɗe mini kowace ƙofa, abin da ya ƙara ba ni tsoro. Ba wanda ya tambaye ni komai har ɗakin masu karaya. Baba Aldo yana kwance ya juya fuska bango. Na yi gaisuwa, na tambayi jiki, na duba tsakanin gadonsa da taga na ga wurin zai ɗauki mutum ɗaya, na fara warware tabarma.

Ya juyo ya ce, "Gida ka zo mayar da ni?"

Na ce a'a, jinya na zo.

Ya ce in sake faɗa. Na yi masa bayani da guntun Italiyancina, cewa a nan zan kwana har a sallame shi, sai dai in je in yi tatsa in dawo. Ya dubi tabarma, ya dubi buta, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har ƙugun ya soke shi ya kama ƙarfen gado. Dariyar ce ta jawo nas.

Nas ɗin ba ta yi faɗa ba, tambaya ta yi ta jerowa. Ƙungiya ce ta turo ni? Na ce a'a. Ɗan'uwansa ne ni? Na so in ce maƙwabci, amma tsakanin gonarmu da gidansa akwai tafiya, ban san ko maƙwabtaka ta kai nan ba, sai na ce ni ne na riƙe ƙafarsa jiya. Ta ce ba a kwana, dubiya awa ɗaya ce, kunu kuwa ba za a ba shi abin da ba su san me ke ciki ba ana shirin yi masa tiyata. Sannan ta rage murya ta ce wato in ya yarda a yi ke nan. Tun jiya likita yake fama da shi. Irin wannan karayar in aka bar tsoho da ita a kwance, sau da yawa ba ya sake tashi, amma ya ce ba mai taɓa shi, a mayar da shi gida. Ta faɗi haka ta fita, na hango ta tana buga waya.

Na tambayi Baba dalili. Ya ce mai raba wasiƙu ta zuba wa Buruno abinci ta saman shinge jiya da yau, bai ko shinshina ba. An ce za a kai shi gidan ajiye karnuka na hukuma, shi kuwa ya san in aka kai shi can baƙin ciki zai kashe shi. In aka yi tiyata sai ya yi makonni bai koma gida ba. Ya laluba aljihun rigarsa da ke rataye ya ciro mabuɗi ya miƙo mini.

"Ni ina da masu ba ni ruwa," in ji shi. "In jinya ka zo yi, mara lafiyar yana gida."

Jama'a, na zo da shirin kwana a ƙasa wata guda, ban zo da shirin wannan ba. Na fita baranda da mabuɗi a hannu, tunani ya yi mini rubdugu. Ga cizo. Ga yawun kare a tufar da nake salla. Ga baƙo kamata da mabuɗin gidan tsoho, in 'yan sanda suka gan ni me zan ce? In na ƙi kuma, mutumin nan ba zai sake taka ƙasa ba. Na sake kiran Malam Sani. Ya ce ba na tuna labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare? Na ce na tuna, amma ba a faɗi girman wancan karen ba. Ya ce in je, in tufa ta dame ni akwai sabulu a Turai, ya kashe waya.

Ina nan tsaye sai ga Marta. Ita nas ta kira. Daga teburin abincin Lahadi ta taso, da takalmin gida a ƙafarta. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi tabarmar da ke hammatata. Ta ce na san abin da na yi? Na shigo asibiti da sunan ƙungiya ba wanda ya aiko ni, na bi mara lafiya har gado, ga shi kuma na karɓi mabuɗin gidansa. Ko ɗaya daga ciki ya isa a karɓe kakin. Ni kuwa a duk zamana a ƙasar nan ba abin da ya sa na ji ni ma ɗan gari ne kamar rigar nan. Na ba ta labarin karen da tiyatar. Ta shiga ta yi magana da Baba, ta fito.

"Cire rigar," in ji ta.

Na ce shi ke nan, an kore ni. Na cire na miƙa mata. Ta naɗe ta ta cusa a jakarta.

"Da rigar nan kai nawa ne, kuma ban yarda ba. Babu ita, kai wani mutum ne da Aldo ya ba mabuɗi, ba ruwana. Maganar hukunci sai Talata. Ɗauko tarkacenka, motata tana waje."

A ƙofar gidan ta ce ita a nan za ta tsaya, ta zama shaida in 'yan sanda sun zo, ko in karen ya cinye ni. Na buɗe na shiga da bismilla. Buruno yana kwance a gindin ɓaure, daidai inda ubangidansa ya faɗi, tsanin ma yana nan a yashe. Ya ɗago kai ya yi gurnani. Na yi masa sallama, don ban san me ake ce wa kare ba. Na tura masa kwanon abincinsa da sanda. Ya kau da kai. Na canja masa ruwa, na kira sunansa da murya irin ta Baba, na yi masa magiya da Italiyanci, na koma Hausa. Ko kallo.

Na gaji, ga yunwa, don tun safe ban sa komai a ciki ba. Na shimfiɗa tabarmar da aka hana ni shimfiɗawa a asibiti, nesa da shi kaɗan, na zauna na tsiyaya kunu a murfin filas na fara kurɓa. Ban ankara ba sai na ji numfashi a wuyana. Ban motsa ba, na dai karanta duk abin da na haddace. Ya zagayo ya zauna a gabana yana kallon murfin. A hankali na jawo wani kwano da ke kusa na zuba masa. Ya lashe tas. Na ƙara, ya lashe. Da filas ya ƙare sai ya juya kan abincinsa na jiya ya hau ci, yana ci yana ɗagowa ya ga ko ina nan. Daga bakin shinge Marta tana ɗaukar bidiyo da waya, dariya ta sa hoton duk ya karkace.

Muka koma asibiti lokacin dubiya ya wuce, amma nas ta bar mu muka shiga. Baba ya kalli hoton, ya ce a mayar, ya sake kallo. Ya ce tun da matarsa ta rasu shi da Buruno ba wanda ya taɓa cin abinci shi kaɗai, tare suke zama, shi ya sa abincin da aka jefo ta shinge bai ciwu ba. Ya tambaye ni ko zan riƙa zuwa. Na ce kullum bayan tatsa, in Allah ya yarda. Ya goge ido da bakin bargo ya ce wa nas ta gaya wa likita ya wasa wuƙarsa.

Washegari aka yi tiyata. Ranar Talata shugabannin ƙungiya suka zauna, aka dakatar da ni daga hawa mota na mako biyu saboda kakin, aka sa ni wankin gadaje da lissafin bandeji. Ban ji haushi ba, na ma ga sun yi sassauci. Luka kuwa ya samu abin yi. Duk wanda ya shigo sayen burodi sai ya ji labarin ɗan Afirkan da ya je jinyar mutum ya ɓuge da jinyar kare. Har na bar ƙasar, in kira ya zo sai ya ce, "Izakko, ka ɗauko tabarma?"

Ranar da Marta ta mayar mini da rigar ta gaya mini dalilin dokar. Ta ce in ka bi kowane mara lafiya da zuciyarka har gado, wata rana za a kira ka ka kasa ɗaga na gaba. Na yarda da ita. Motar tana da iyaka, kuma iyakar ce take sa ta iya fita gobe. Abin da na ƙara a kai shi ne, inda aikin mai kaki ya tsaya nan na maƙwabci yake farawa, kuma mutum ɗaya zai iya yin duka biyun in ya san lokacin cire riga. Baba Aldo ya dawo gida da sandar dogarawa, ya tarar da karensa ya yi ƙiba. Kunun ma daga baya ya sha, ya ce karen ya fi shi haƙuri.

Yanzu na dawo gida, ina noman gero da gyada a gonar mahaifinmu. Abin da yake hana ni sukuni shi ne, can suna da mota ba masu jinya, mu muna da masu jinya har sun yi yawa ba mota. Da damina a kan babur muka kai wata mai naƙuda, mutum biyu suna tallafe da ita. Don haka ina roƙon masu karatu: in akwai wanda ya san wani ƙauye a ƙasar Kano ko maƙwabta da suka haɗa kai suka tanadi motar ɗaukar marasa lafiya ta kansu, ya sanar da ni ta hannun 'yan agajin da suka sa ni rubutun nan yadda suka yi da direba da man fetur da gyara, da inda aka koya musu aikin. Masu hawa ba za su yi wuya ba, na riga na ga masu burodin da za su iya.

Sannan in akwai likitan dabbobi a cikinku, don Allah ya gaya mini ko kunun gyada yana yi wa kare illa. Na yi makonni ina ba shi, lafiya lau na bar shi, amma har yau ban tambayi kowa ba sai Malam Sani, shi kuwa ya ce in na sake kawo masa maganar karen nan zai tashi daga garin.